Matar da ke Gefen Gona

Fentin mai bai gama bushewa ba sa'ad da Ila ya jingina zanen da bangon falon kawunsa a Unguwar Rimi. Gonar dawa ce ta ƙauyensu Katabu a ƙarshen damina: zangarniya ta sunkuya, ƙasa ta yi jawur, hadari na haɗuwa a bayan wata ɗorawa. A gefen hagu wata mata ta ɗago daga tsinkar wake, ta dafe ƙugu, tana duban mai dubanta.

Mahaifiyarsa ce, Asabe. Har ta koma ga Allah ba ta taɓa yarda ta tsaya gaban mai hoto ba. Ila ya kwashe watanni a ɗakinsa na Kinkinau yana kankarewa yana sakewa kafin fuskar ta fito, da billenta da ɗan murmushin nan na gefen baki. Ya san ba zai iya maimaita ta ba, don kamanninta sun fara dushewa a ransa.

Kawun nasa, Alhaji Datti, ƙanenta ne, ita ta goya shi. Yanzu darakta ne a ma'aikata, shi ya biya wa Ila makaranta, kuma ba ya bari a manta. Da ya ce yana son zanen ƙauye a sabon falonsa, Ila ya ɗauko wannan da murna. Bai faɗi ko wace ce ba. So yake ya ga idon kawu ya cika da ƙwalla.

Alhaji ya gyara tabarau, ya matso har hancinsa ya kusa taɓa ƙyallen.

"Kai, ɗan nan, hannunka na da albarka! Dubi hadari, kamar a shigo da shanya." Ya nuna gefen hagu da makullin mota. "Sai dai wannan 'yar ƙauyen."

"Me ta yi, Kawu?"

"Mai rai ce. Ka san mala'iku ba sa shiga gidan da aka rataye surar mai rai, ga shi a nan nake nafila."

"Ka dube ta da kyau, Kawu."

Ya sake dubawa, tsakani da Allah ya duba. "Ta yi kyau ƙwarai. Ba ma sai ka wahala ba, malaminmu ya ce in an cire kai ya halatta. Shafe kan kawai, ka bar sauran."

Ila ya dubi fuskar mahaifiyarsa. Kalma ɗaya ta isa, amma ya ƙi furta ta. In sai an gabatar wa mutum da yayar da ta goya shi, to bai cancanci a gabatar masa ba. Ɗauke zanen kuma ba ya cikin lissafi, yaushe ɗa ya taɓa karɓe kyauta daga hannun kawu? Barinta tsaye ba kai, wannan ne ba zai iya ba.

Ya fita da zanen baranda, ya buɗe jakarsa, ya matso fenti kore da ruwan ƙasa. Daga ƙafafu ya fara, yana dasa karan dawa ɗaya bayan ɗaya. Zani ya ɓace, hannun da ke ƙugu ya ɓace. A kan fuskar ya daɗe riƙe da buroshi, sannan ya ja ganye ya rufe ta.

Aka rataye zanen sama da talabijin. Alhaji ya koma kujera ya harɗe, yana kallon dawar da ta cika gona makil. Can ya cire tabarau ya share ido da hannun riga.

"Wallahi gonar nan ta tuna mini da Yaya Asabe," ya ce. "Kai da Allah Ya ba wannan baiwa, ka daure wata rana ka zana mana ita."