Ƙudan da Bai Tashi Ba

Baba Tela ya sake kai duka da naɗaɗɗiyar jarida, ya samu tebur. Ƙudan kuwa ya koma kan keken ɗinki yana murza hannuwa abinsa.

A layin nan an san tsohon da abu biyu, ɗinki mai kyau da kisan ƙuda. Da can da gefen ido ma yake kai hannu. Amma bana da lalube yake zura zare a allura, har ya ɗora wa baƙar riga shuɗin aljihu ya ce wai yayi ne. Autarsa, malamar kimiyya, ta karɓo masa ranar ganin likita gobe, don yanar ido ta rufe masa gani. Shi kuwa ya rantse babu mai kusantar idonsa da wuƙa. Tsoro ne fal cikinsa, amma bakinsa ba zai taɓa faɗa ba.

Tana tasowa daga makaranta ta tsaya a bakin shagon, ta ga dukan da ya kuskure.

"Ƙudan zamani ne, Auta," in ji shi. "Wayo ya yi musu yawa."

Ta yi dariya, ta ce ƙuda yana nan yadda ya san shi. Manyan idanun nan nasa biyu, kowanne ƙananan idanu ne dubbai a jere kamar saƙar zuma, kowa na gadin gefensa, shi ya sa kafin hannu ya sauka ya riga ya gani. Ban da su akwai wasu mitsi-mitsi uku a tsakiyar kai. Mai son samunsa sai ya lallaɓa, don motsi mai sauri ne ke tada shi.

Tsohon ya samu abin kamawa. Ya ce ashe rashin adalci ake masa, ido biyu da dubbai. Tunda ta tona asirin abokin gaba, a yi ta ta ƙare: duka ɗaya. In ya kashe, maganar asibiti ta mutu. In ya kuskure, gobe da ƙafarsa zai je. Ba da son ranta ba ta yarda.

Can ya hango wani a kan teburin yanka, baƙi, ƙato, ya baje tsakanin ƙyallaye. Ya ɗauke numfashi, ya matsa kaɗan-kaɗan, gwiwoyinsa na ƙara. Ƙudan bai motsa ba. Ya sauke jarida, tim! Babu abin da ya tashi.

"Shi ke nan, Baba, ka ci," Auta ta faɗa, muryarta a sanyaye.

Yana murmushi har kunne ya ɗauko gawar don ya nuna mata. Sai dai yatsun tela ba a yi musu ƙarya. Abin santsi gare shi, ga tauri, ga huji huɗu a tsakiya. Maɓalli ne.

Ya dunƙule hannu. Daga inda take ba ta gani ba, wurgi ɗaya waje zai rufe zancen. Ainihin ƙudan ya wuce ta gefen kunnensa, ƙararsa kawai ya ji. Ya ɗaga kai ya dubi 'yarsa a bakin ƙofa, ya nemi fuskarta ya rasa. Inuwa ce kawai tsaye a cikin haske. Abin ya soke shi har zuci.

"Waɗannan ukun na tsakiyar kai, me suke gani?"

"Haske da duhu kawai, Baba."

Ya jinjina kai. Ya lalubo gwangwanin maɓallai ya saki abin da ke hannunsa, ya faɗa ƙwal. Auta ta ji ƙarar, ta gane.

"Gobe ki zo da wuri," ya ce, yana warware jaridar. "Kuma ki ja wa likitan nan kunne ya yi ɗinki mai kyau. In na warke sai na duba aikinsa."