Farar Tokar Na'Allah

Na'Allah malamin kimiyya ne a wata sakandare a Bodinga. Tun yana ɗalibi ya karanta cewa ɓuntun shinkafa, in aka ƙona shi da wuta daidai, yakan bar farar toka mai sinadarin silika, wanda masu yin gilashi ke saye. Maganar ta zauna masa a rai.

Shekarar da farar hula suka karɓi mulki ya gina tanderun laka bayan gidansa. Surukinsa Malami, mai injin casa a Shagari, ya ce ya zo ya kwashi ɓuntu kyauta, dama ya dame shi. Da farko baƙa tokar ke fitowa. Kaltume, matar Na'Allah, ta sha hayaki har ta daina ƙorafi. Sai da ya shekara yana gwaji kafin ta fito fara fat. Ya cika kwalba ya kai wata masana'antar gilashi a kudu. Suka gwada, suka ce ya kawo cikin mota guda.

Ya ajiye koyarwa, ya sayar da gonarsa ta gado, ya ƙara tanderu.

Sai shinkafar waje ta cika kasuwanni da araha. Manoman fadama suka koma albasa, injin Malami ya yi shiru. Na'Allah ya dinga bin ƙauyuka da jaki, daga Danchadi har Horo Birni, yana roƙon ɓuntu wurin mata masu sussuka. Tari ya kama shi, bai tsaya ba.

Kafin buhunan tokar su cika mota, gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Da suka cika, ya yi hayar mota, ya isa kudu ya tarar da masana'antar a garƙame. Mai gadi ya ce injuna sun lalace, an hana shigo da kayan gyara, an sallami kowa. Direba ya ƙi komowa da kayan, ya sauke su bakin titi. Na'Allah na tsaye ruwa ya sauko a kansu.

Da ya dawo, Kaltume ta tarye shi a zaure.

"Malam, sun amsa?"

"Babu kowa can, Kaltume."

Ya koma makaranta neman aikinsa, ya iske malaman ma sun yi watanni ba albashi. Da damina ta faɗi, ya ɗauki fartanya ya tafi ƙwadago a gonar da ya sayar. Kan ya kai ƙarshen kunya sai tari ya zaunar da shi.