Ƙungiyar Ƙwallon Muttaka

Hansai mace ce da ba ta bayar da kaya da dauɗa. Shi ya sa da za a yi sadaka da tufafin ɗanta Muttaka bayan rasuwarsa, ta tattara su tas ta jiƙa a baho, ta zuba musu omo kamar kyauta ake ba ta shi. Aljihu kuwa ko ɗaya ba ta laluba ba.

Khairiyya, ƙanwar mamacin, ita ta tsinci memorin gem ɗinsa, 'yar robar da ake adana wasa a ciki, a aljihun wando wajen shanya. Ta yi salati, ta zauna a bakin rijiya tana hawaye. Ta san abin da ke ciki: ƙungiyar ƙwallon da Muttaka ya shekara yana haɗawa a gem ɗin, yana kuma hana kowa leƙawa. Duk abin da ya bari na saye ne, wannan kaɗai ya yi da hannunsa.

"Wannan 'yar robar kike wa kuka?" in ji Hansai. "Ai gara da na wanke ta, duk maiƙo ce."

Kai, Inna Hansai! Khairiyya ta tashi ta shiga ɗaki. Ta binne memorin a tiyar shinkafa ya sha iska, ba ta yarda ta jona shi ba sai da ya bushe ƙarau. Ko ya tashi ma, wa ya san ranar da tsatsa za ta cinye shi? Dole a kwashe abin ciki zuwa filash, ita kuwa na'urar gem ɗin a yadda kamfani ya yi ta ba ta yarda da haka. Sai an buɗe ta.

Garzali, ɗan ajinsu a jami'a, ya ara mata wani memori mai ɗauke da manhajar da masu sha'awar harkar suka rubuta da kansu. Ya ce in ta sa shi a rami na farko, na'urar za ta tashi da wani shafi daban, daga nan ta kwafi duk abin da take so.

Bayan la'asar ta jawo talabijin tsakar gida, ta jona komai, memorin Garzali a rami na farko, na Muttaka a na biyu, ta yi bismillah. Shafin ya fito, baƙi da ƙananan rubutu. Ta shiga rami na biyu. Shiru. Ta zare memorin Muttaka ta goge bakinsa da gefen mayafi, ta mayar. Sai ga fayil ɗaya tilo. Ta kwafe shi a hankali, sannan ta kunna wasan.

Hansai tana tsince wake, ta ɗago. "Me kike wa dariya kuma?"

"Inna, zo ki gani. Ke ce gola."

Hansai ta matso da tabarmarta. Khairiyya ta shiga karanto mata: Baba Sabo a baya, an yi masa furfura da tumbi, Kawu Haruna na Kausani a tsakiya, an ba shi gudun da bai taɓa yi ba a duniya, Indo mai ƙosai a gefe, ita kanta Khairiyya a benci, don wulaƙanci irin na yayye. Hansai ta yi dariya har da riƙe ciki, dariyar da gidan ya daɗe bai ji ba.

Can ta tsagaita, ta bi allon da ido daga sama har ƙasa, duk da ba ta karanta boko.

"To shi yana ina? Ba ki kira sunansa ba."

Khairiyya ta sake dubawa, har benci. Babu.

"Bai sa kansa ba, Inna. Shi ne yake zama a nan yana juya mu."

Hansai ta dubi inda yarinyar ta nuna, gefen tabarma. Kewarsa ta taso mata sabuwa fil.

"Rubuta shi," ta ce. "Ki sa shi kusa da ni."