Yadda Baba Yake Yi

Mijina Silas, baban 'yarmu Glory, mutumin kirki ne, amma taurin kansa ko jaki sai ya sara masa. Shekara biyu ke nan ba ya magana da ƙaninsa Thaddeus, uwa ɗaya uba ɗaya, duk muna zaune a Kurudu. Laifin Thaddeus ɗaya ne: ya ajiye fartanya ya koyi gyaran babur. Ranar da aka binne Babansu, Silas ya ce masa a gaban dangi, "Ka bar gonar ubanka ka koma wasa da baƙin mai." Thaddeus ya ɗauki hularsa ya fita. Abin yana ci mini rai, domin na ga gidajen da irin wannan shiru ya bi 'yan'uwa har kabari.

Baba yana da wani tsohon babur mai hayaƙi, irin wanda ake haɗa wa baƙin mai da fetur a cikin tanki. Silas ya tashi yana ganin Baba yana auna man da murfin gora, ya zuba, ya girgiza babur ɗin. A wajensa Baba bai taɓa kai babur gun bakanike ba, don haka shi ma har abada.

Da tsohon babur ɗin ya mutu murus, Silas ya sayi sabo don zuwa gonarmu ta doya a Uke. Sabon kuwa ba irin wancan ba ne, wurin mansa daban yake a ƙasan inji. Na gaya masa haka na ji mai sayarwa ya ce.

"Larai, yaushe kika zama injiniya?" in ji shi. "Yadda Baba yake yi, haka zan yi."

To, bismilla. Duk Asabar ya shimfiɗa buhu a tsakar gida, ya auna murfi biyu ya zuba a tanki. Babur ya fara tari, hayaƙi kamar ana gasa kifi a kasuwar Kado. Ya kwance filogi ya goge, ya hura kafireta da baki, ya ce ai ya warke. Ƙasan injin kuwa, inda man gaske yake ƙonewa yana ƙarewa, ko sau ɗaya bai leƙa ba.

Ranar da za mu kai irin doya gona, ina bayansa riƙe da buhu, ko Karu ba mu kai ba na ji ƙwas-ƙwas-ƙwas, sai tsit. Ya taka kik don tayar da inji, kik ɗin ya ƙi motsi kamar an dasa shi. Ya fito da sifana. Nan fa haƙurina ya ƙare.

"Baban Glory, wallahi ka sake taɓa injin nan, a ƙafa zan koma gidanmu! Ka san doya, na yarda. Wannan ba ka sani ba."

Ya daɗe yana kallon sifanar, sannan ya mayar da ita aljihu ya fara tura babur. Muka wuce rumfar bakanike ɗaya, muka wuce ta biyu. Nan na gane inda muka nufa.

Thaddeus yana tsugune da wata taya. Ya ɗago, ya miƙe, ya goge hannu a wando.

"Yaya, sannu da zuwa."

Silas ya nuna babur da baki kawai. Thaddeus ya zaro ma'aunin mai, a bushe ƙarau. Ya buɗe tanki ya sunsuna, sai ya yi ɗan murmushi.

"Murfi biyu, ko? Irin na Baba."

"Shi ai bai taɓa neman bakanike ba," Silas ya faɗa ƙasa-ƙasa.

Thaddeus ya rufe tankin. Ya nuna wani tsohon benci a gindin mangwaro.

"Yaya, duk farkon wata nan Baba yake zama, shekara shida, ni nake kwance masa inji. Cewa ya yi kada in gaya maka, wai kana ganin babu abin da ya gagare shi, ba ya so ya rage maka wannan."

Allah Sarki. Mijina ya juya yana kallon bencin. Ni kam hawaye na share da bakin zane, ban ji kunyar kowa ba.

"Zai tashi?" Silas ya tambaya daga baya.

"Injin ya buga, sai an canja fistan da ringi. Zai ɗauki yini guda. In kana sauri, ka je ka dawo."

Silas ya dubi buhun doyar, ya dubi hanyar Uke. Sai ya taka a hankali zuwa gindin mangwaron, ya kaɗe ƙurar bencin da hularsa, ya zauna.

"Ba na sauri," ya ce. "Kwance, ka nuna mini."