Sikeli a Cikin Lifta

Shekara ashirin Malamin Kimiyya yana zana kibiyoyi a allo, yana koya wa ɗalibai cewa nauyin da sikeli ke nunawa yakan canza idan lifta ta zabura. Sai ga sabuwar malama, wadda shi ya koyar da ita tana 'yar aji huɗu, ta kwashi ɗalibai da sikeli zuwa wani dogon bene kusa da makaranta. Shugaban makaranta ya ce Malam ya raka su.

A cikin lifta malamar ta ce, "Malam, ko za ka hau mana sikelin?"

Ya hau fuska a ɗaure. Allura ta tsaya a kan kilo saba'in. Da lifta ta ɗaga, sai allurar ta zarce saba'in da bakwai, ta dawo saba'in, dab da tsayawa kuma ta yi ƙasa.

"Ƙiba ya yi?" in ji wata ɗaliba.

"A'a, ƙasan liftar ne ya ƙara tura shi sama lokacin da gudunta ke ƙaruwa," in ji malamar.

"Yau dai na gane," in ji wani da ya shekara biyu a ajin Malam.

Maganar ta tsaya masa a rai. Da suka fito, ɗalibai suka yanyame ta da tambayoyi, shi kuwa aka bar shi riƙe da sikeli.

A gida matarsa ta tambayi abin da ya hana shi cin abinci.

"Yarinyar nan," ya ce, "ko rubutun allo ba ta iya ba."