Furfurar Nabbosa

Maama Shamim ta tsayar da almakashinta a saman kunnen Nabbosa.

"Ki yi magana tun da wuri," in ji mai gyaran gashin. "In na datse, ba ni da abin liƙa miki shi."

"Datse kawai."

Ta kuwa datse. Baƙin gashin ya riƙa zubowa kan tawul yana gangarawa ƙasa, Nabbosa kuma ta matso da fuskarta jikin madubi kamar mai leƙen gidan maƙwabta. Fiye da shekara ashirin tana zuwa wannan shago na unguwar Kalerwe a Kampala duk ƙarshen wata a shafe mata kai da baƙin rini, tun ranar da ta tsinci silin furfura na farko tana goyon autarta. Ba ta taɓa barin furfurar ta leƙo ba, balle ta san kamanninta. Ga mace ta haura hamsin, malamar firamare mai koya wa yara sassan jiki, amma ba ta san launin kanta ba.

Ba don ra'ayin kanta ta bari ba. Rinin ne ya juya mata baya wata biyu da suka wuce. Fuska ta kumbura, idanu suka rufe, numfashi ya nemi gagara, sai a gadon asibiti ta farka. Likita ya ce in ta ƙara shafawa, ta fara yin sallama da mutanen gida tukuna. Tun daga nan kan ya zama kashi biyu, fari daga tushe, baƙi daga sama, baƙin ma yana ta karyewa.

Da aka gama, Nabbosa ta ƙura wa madubi ido. Ita ta zaci toka-toka za ta gani, irin ta kowa. Tokar tana nan, amma daga goshinta ta hagu wani layi ne fari fat ya tashi, mai faɗin yatsa uku, ya yi baya har ƙeya kamar an ja shi da alli.

"Ikon Allah," in ji wata mai jiran kitso, ta taso ba a gayyace ta ba. "Nnyabo, uwargida, in taɓa? Kai, laushi! Wannan layin yi miki aka yi?"

"Ni ma yanzu muka haɗu da shi."

"Maigidan fa? Ya yarda?"

"Mutumin da kansa ke ƙyalli kamar faranti? Shi har yana da bakin magana a kan gashi?"

Aka kwashe da dariya. Matar ta koma gaban madubi tana buɗa tsagar kanta, tana duba nata tushen.

"Ni ma fa na gaji da warin abin nan," ta ce. "Ko me ke ƙarƙashin nawa, oho."

"Ke, zauna!" in ji Maama Shamim. "Mata uku sun daina a shekarar nan, ga ta huɗu. So kuke in koma sayar da gawayi?"

Nabbosa ta yi dariya tare da su, amma dariyar ba ta kai ciki ba, don yau Asabar ce.

Mahaifiyarta tana ƙauye kusa da Mityana, ta haura tamanin, mantuwa ta cinye mata kusan kowa. Ba ta gane 'ya'yanta maza. Gorreti, ƙanwar Nabbosa, wadda ke dafa wa tsohuwar, ta yi mata wanka, ta kwana a ɗakinta, "yarinyar nan mai aiki" take ce mata. Mutum ɗaya ya rage a kanta, Nabbosa. Duk Asabar sai ta zaunar da ita kan tabarma tsakanin ƙafafunta, ta zare mata ɗankwali, ta shafa mata mai a kai tana cewa, "Nabbosa tawa, baƙin gashi kamar na ubanta." Ba wanda ya taɓa gaya wa tsohuwar cewa baƙin nan na kanti ne.

Tun rashin lafiyar Nabbosa ba ta je ba. Da fari kumburi ne ya hana ta. Daga baya kuwa tsoro ne, ba wani abu ba.

Tana fita daga shagon wayarta ta yi ƙara.

"Yaya, kina tafe ko kuwa?" in ji Gorreti. "Jiya loma biyu ta ci. Tana zaune tana kallon hanya tun safe."

"Ina tafe. Na aske baƙin."

"Kin me? Wayyo ni! To sayi hular gashi ki sa."

"Za ta zare ta, kin san ta."

"To ki ɗan shafa ko a gaba ne, kaɗan, don Allah."

"Gorreti, gawata kike so a kawo mata?"

Gorreti ta ce a hankali, "In ke ma ta manta da ke, shi ke nan ba ta da kowa. Ni na saba. Ke ba ki san yadda abin yake ba."

Nabbosa ta sa hannu a jaka za ta ɗauko ɗankwali, sai ta fasa. So take ta ga yadda Kampala za ta karɓi wannan sabon kai, Kampala kuwa ba ta ɓata lokaci ba. A tasha, ɗan kwandastan da kullum ke tura ta kujerar baya yana cewa a matsa, yau da gudu ya karɓi jakarta.

"Jjajja, zo gaba! Kai, sauko, ba ka ga kaka ba?"

Wanda aka saukar ɗin ya girme ta nesa ba kusa ba, rininsa ne dai ya kama da kyau. Har ya sunkuya ya gaishe ta. Ta hakimce kusa da direba, iska tana shiga har fatar kanta, abin da ta manta daɗinsa. Duk tafiyar tana satar kallon kanta a madubin gefe tana tambayar zuciyarta inda ta samo layin nan. Ubanta da baƙin gashinsa ya mutu. Furfurar mahaifiyarta toka ce zalla. Sai da ta sauka a bakin hanyar ƙauyensu, ta hango rufin gidan tsakanin ganyen ayaba, sannan ta ɗaura ɗankwalin, ta ja shi har gira.

Tsohuwar tana baranda kan kujerarta, cikin gomesi, doguwar rigar matan ƙasar, da ya yi mata yawa. Ta rame ƙwarai. Nabbosa ta ajiye jaka, ta durƙusa gwiwa biyu a gabanta kamar yadda kowace 'ya take yi a wajenmu.

"Maama, mun same ku lafiya?"

Tsohuwar ta ƙura mata ido, sai fuskarta ta washe.

"Nabbosa! Ja'ira, ina kika shiga? Ke yarinya, kawo man nan!"

Daɗi ya kama Nabbosa har idonta ya kawo ruwa. Gorreti ta fito da kwalbar mai, tana yi wa yayarta alama da ido a kan ta kawo wani dalili.

"Maama, yau kaina ke ciwo. A bari sai wani satin."

"Ciwon kai ai mai yake so. Juyo."

Wa ya isa ya musa? Ta juya ta zauna kan tabarma. Yatsun tsohuwar suka lalubo ƙullin, ɗankwali ya zame ya faɗi kan kafaɗarta.

Nabbosa tana jin numfashin uwarta a ƙeyarta. Can sai yatsa ɗaya ya sauka a goshinta ta hagu, ya bi layin nan a hankali har baya, ya dawo ya sake bi. Kujera ta motsa. Tsohuwar da sai an kama ta take miƙewa, yau da kanta ta tashi, ta dafa bango ta zagayo gaba, ta daɗe tana kallon fuskar da ke ƙarƙashin farin gashin. Sannan ta tattare gomesinta, ta fara sauka ƙasa, gwiwoyinta suna ƙara, har ta durƙusa a kan siminti.

"Maama," ta ce da wata ƙaramar murya. "Sannu da zuwa. Kin sha hanya."

Gorreti ta toshe baki da hannu. Uwa ba ta durƙusa wa 'yar da ta haifa, ko a mafarki. Nabbosa ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Maama, tashi, don Allah tashi! Ni ce, Nabbosa!"

Tsohuwar ta sunkuyar da kai tana murmushin kunya.

"Har kin ji sunanta? Wa ya gaya miki? Ita ce 'yata ta fari."

Ashe tsohuwar tata uwar take gani, kakarsu, wadda ta rasu tun mahaifiyarsu tana amarya. Ba hoto, ba wanda ya rage da zai ce ga kamanninta. Duk da halin da Nabbosa ke ciki, sai da tambayar ta kuɓuce mata.

"Wannan farin, dama haka yake a kaina?"

"Tun ina ƙarama," in ji tsohuwar. "Ko kina can ƙarshen gona, da shi muke gane ki. Mu ce ga Maama can, kowa ya kama aiki."

Suka yi ta fama ta tashi, ta ƙi. Gorreti ta kama hannunta, ta fizge. Yarinyar kirki ba ta miƙewa sai babba ya sallame ta, ga gwiwoyin suna karkarwa a kan siminti. Nabbosa ta dubi ƙanwarta, ƙanwar ta kau da kai. Sai ta gyara zama, ta ɗora hannu a kan furfurar uwarta.

"Na amsa. Tashi, 'yata. An ce min ba kya cin abinci."

"Ba na jin yunwa ne."

"Ban tambaye ki ba. A kawo."

Aka kawo matoke, dafaffiyar ayaba, da zafinsa cikin ganye, da miyar gyaɗa. Tsohuwar ta zauna kan tabarma, ta miƙe ƙafa, ta cinye tas tana satar kallon baƙuwarta ko za a yaba. Har ta suɗe yatsa.

"Waccan da ta dafa fa, wace ce?" in ji Nabbosa.

"Mai aiki ce."

"Ba mai aiki ba ce. Gorreti ce, 'yarki, jikata. Ki riƙa kiranta da sunanta."

Tsohuwar ta dubi Gorreti sama da ƙasa.

"To, tunda kin faɗa. Gorreti, an gode, miya ta yi daɗi."

Gorreti ta kwashi kwanuka da sauri ta shige ciki, aka ji ta tana fyace hanci a madafa.

Da rana ta yi sanyi, Nabbosa ta zagaya bayan gida. Ta ɗaura ɗankwalin tsaf, ta ja shi har gira, ta ɗauki jakarta, ta bi ta cikin ayaba ta ɓullo ta bakin hanya kamar yanzu ta sauka daga mota, ko tsohuwar za ta sake gane 'yarta. Ta iso baranda, ta fara durƙusawa.

"A'a, Maama, me kike yi haka?" Tsohuwar ta riƙo ta da sauri. "Kin rufe kai, sanyi kike ji? Hau kujera, ni tabarma ta ishe ni."

Nabbosa ta hau kujerar. Ta zare ɗankwalin da kanta ta ninke shi a cinya.

"Ba ki taɓa ganin Nabbosa ba ko?" in ji tsohuwar, ta jingina da ƙafarta. "Malama ce a birni. Duk cikin 'ya'yana ba mai zuciyarta. Lokacin da ubansu ya rasu, ita ta riƙe gidan nan, ko kukanta ban gani ba, sai ta shiga gona take yi, ta zaci ban sani ba. Ban taɓa gaya mata ba, kar kanta ya kumbura. Ke ma kar ki gaya mata."

"Ba zan gaya mata ba."

"Yau Asabar, tana tafe. Wani lokacin motar ce ke ɓata mata lokaci." Ta ɗago tana roƙo da ido. "Kar ki tafi, Maama. Ki jira ki gan ta."

"Zan jira," in ji Nabbosa.

Tsohuwar ta gyara zama, ta ɗora kai a gwiwarta. Su biyun suka zuba wa hanya ido.