Banɗaki Mai Kallon Teku

Ranar wata Talata ce a tsakiyar damina, ruwa na zuba tun safe, zufa kuma ba ta fasa ba, kwamitin gandun dajin bakin teku ya zauna don yanke yadda sabon banɗaki zai kasance. Tsohon ya gaji. Gara ta cinye ginshiƙansa, kwaɗi sun mai da shi gida, 'yan yawon buɗe ido kuwa sai su yi layi har bakin titi suna matse ƙafa.

Noelene Brusasco ce shugabar kwamitin. Ta tsufa a kan kujerar, amma ko benci ɗaya babu mai ɗauke da sunanta, alhali har karen wani tsohon kansila yana da allon tagulla a gindin bishiya. Ta ƙudura a ranta wannan ginin da sunanta za a kira shi.

Hamish, mai zanen gini da aka turo daga birnin Brisbane, ya baje takardarsa: bangon bulo, rufin kwano, 'yan tagogi can sama.

"Wannan ai kurkuku ne, ɗan nan," in ji Noelene. "A tsibirin Tasmania na shiga wani, bangonsa duk gilashi. Kana zaune kana kallon teku, na waje bai ganinka, fuskarsa kawai yake gani kamar madubi."

"Madubi?" Gavan mai gadin gandun ya ajiye kofin shayinsa. "Ranki ya daɗe, kin manta da Dennis?"

Ba wanda ya manta da Dennis. Shi ne kasowarin gandun, tsuntsu mai tsayin mutum, ƙafa kamar taɓarya, farce kamar wuƙa. Da ya ga kansa a jikin mota mai sheƙi sai ya ɗauka wani ƙato ne ya shigo masa, ya hau shuri. Ita kanta Noelene ba ta ajiye motarta a wurin sai ta lulluɓe ta da tsohon bargo.

"Dennis ba ya hawowa tudu," ta ce. "Kuma tsuntsu ba ya cikin kwamiti."

Hamish ya fara cewa shi ma yana tsoro, sai ta buɗe gwangwanin kek ɗinta mai kwakwa, ta tura tsakiyar tebur. A garin nan ba a cin kek ɗin mace a juya a ƙi maganarta a zama ɗaya. Rashin kunya ne. Kowa ya san haka, kowa kuma ya miƙa hannu. Da aka ce a ɗaga hannu, hannuwan suka tashi da garin kwakwa a yatsu. Gavan ne ya fi kowa ɗagawa sama, bakinsa cike.

"Ni dai na faɗa," ya ce, da ya haɗiye.

"Ka faɗa, ka kuma ƙara yanka biyu. Yi mana shiru," in ji Noelene.

Aka gina. Ranar buɗewa rana ta fito tarwai, bangon yana walƙiya har daga kan titi. An gasa tsiren bature, 'yan makaranta sun yi waƙa, kansila ya yanke kirtani, ya yaye ƙyalle daga allon tagulla: Ɗakin Hutu na Noelene Brusasco. Sai aka ba ta girman shiga ta farko, ta ja ruwa, jama'a su tafa. Ta shiga, ta sa sakata. Shayin safe ya matsa mata, ta ce bari ta yi abin da gaske, ai ba mai gani.

Tana zaune tana kallon teku, sai ga wuya shuɗi ya ɓullo daga cikin ciyayi. Dennis ya hawo tudu. Ya tsaya, ya karkata kai, ya ga wani ƙato mara kunya yana karkata masa kai.

Shurin farko ya tsaga gilashin. Jama'a suka watse, suka haye tebura, kowa da waya a hannu.

"Gavan! Gavan, kore shi!"

"Ranki ya daɗe, doka ta hana a taɓa shi," ya amsa daga kan rufin motarsa. "Ke dai riƙe siket ɗinki!"

A shuri na gaba bangon ya zube gaba ɗaya. Dennis ya leƙa, ya nemi abokin faɗansa bai gan shi ba, sai wata tsohuwa riƙe da burushin wanke masai. Ya haɗiye wata ayaba da aka yar, ya koma daji abinsa.

Kwamiti ya koma kan zanen Hamish na farko, bulo da kwano. An mayar da allon tagullar jikin sabon bangon, ana ma goge shi. Sai dai duk baƙon da ya tambayi hanya, ce masa ake: "Bi nan, ka hau tudu, za ka ga Ɗakin Dennis."

Abin da aka rasa: bangon gilashi ɗaya, takalmin kansila ƙafa guda, kujerar shugabancin Noelene, da sunan da ta gina wurin dominsa. Dennis ko gashi ɗaya bai rasa ba.